Mitar Wuta da Takardar Kuɗi: Yadda Ake Auna Lantarki da Lissafinsa

Kuɗin wutar lantarki ya rataya ne a kan abu biyu da ake aunawa daban-daban: yawan wutar da mutum ya sha a tsawon wata, da kuma nauyin da ya ɗora wa layi a lokaci guda. Mitar da ke maƙale a bangon gida na farkon kaɗai take ƙirgawa. Wadda ke auna duka biyun, wato wadda ma'aikatan kamfanonin rarraba wuta a Najeriya suke kira mitar MD, ana kafa ta ne a masana'antu da otal-otal da manyan asibitoci da bankuna da jami'o'i. Wanda ya fahimci bambancin waɗannan ma'aunai ya fahimci rabin abin da ke rubuce a takardar kuɗin wuta.

Ƙarfin da na'ura take ja ana auna shi da wat, wat dubu kuma shi ne kilowat ɗaya. Idan na'ura mai jan kilowat ɗaya ta yi awa ɗaya tana aiki, ta sha abin da kowa ya sani da yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 awa ɗaya ta ishe shi ya cinye yunit guda, amma ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya kai haka. A wurin mitar gida, guga da fitilar daidai suke, tunda kowanne yunit ɗaya ya sha. A wurin wayar da ta ɗauko wutar kuwa ba daidai suke ba, domin gugar ta ɗora mata nauyi ninki ɗari a lokacin da take aiki. Buhu ɗari na hatsi, idan a hankali za a kwashe su cikin wata guda, amalanke ɗaya ya wadatar. Idan kuwa mai su ya ce yau ɗin nan yake son su isa kasuwa, sai an nemo babbar mota, kuma wani ne zai biya kuɗin ajiye motar a sauran kwanakin da ba ta da lodi.

Dalilin da ya sa nauyi yake da tsada

Layin wuta na ƙasa ba ya ajiye lantarki. Abin da ake ja a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar ake samar da shi, ko a madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, ko a tashoshin gas na kudancin ƙasar. Daga can wutar takan bi manyan layuka masu kilobolt 330 da 132, ta sauka kan na 33 da 11, sannan taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa ƙarfin da gida zai iya ɗauka. Kowane mataki a wannan tafiya yana da iyakar nauyin da zai jure, kuma ana gina shi ne da la'akari da lokacin da jama'a suka fi ja, galibi da almuru, sa'ad da fitilu da fankoki da firji da talabijin suke kunne gaba ɗaya. Taransifomar da aka saya don ta ɗauki nauyin awa biyu na yamma, kuɗinta ba ya raguwa don ta kwana ba ta aikin kirki.

Injiniyoyin farko sun gane wannan tun wuri. A 1892 wani injiniya ɗan Ingila, John Hopkinson, ya kawo shawarar a raba kuɗin wuta gida biyu: kaso ɗaya na yawan wutar da aka sha, kaso ɗaya na girman kayan da kamfani ya tanada domin mai shan. Arthur Wright, wanda ke kula da wutar garin Brighton, ya ƙera na'urar da ke nuna mafi girman nauyin da kowane mai shago ya ja, har abin ya zama mai yiwuwa a aikace. Samuel Insull, shugaban kamfanin wutar Shikago, ya ga tsarin a Brighton a 1894, ya koma da shi Amurka. Har yau a Amurka, kuɗin nauyi yakan zama kaso mai tsoka na abin da manyan shaguna da masana'antu suke biya.

Yadda mitar MD take aiki

Mitar MD ba ta damu da fizgar daƙiƙa ɗaya ba. Injin niƙa ko na markaɗe yakan ja wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi, amma cikin ƙiftawar ido abin ya lafa. Abin da mitar take yi shi ne raba yini zuwa gutsattsarin lokaci, galibi minti 15 ko minti 30, ta fitar da matsakaicin nauyin kowane gutsure. Idan masana'anta ta sha yunit 40 a cikin rabin awa, matsakaicin nauyinta a wannan rabin awar kilowat 80 ne. Mitar sai ta ajiye wannan lamba. Idan wani rabin awa ya zo da abin da ya fi haka, ta share tsohuwar ta rubuta sabuwar; idan bai kai ba, ta bar ta yadda take. A ƙarshen wata lambar da ta rage ita ce ƙololuwar buƙatar wannan wuri, ko da sau ɗaya tak aka kai ta.

Tsofaffin mitoci da allura biyu suke yin wannan aiki. Ɗaya tana hawa da sauka, tana tura ta biyun gaba. Ta biyun kuwa inda aka tura ta nan take tsayawa, har mai karanta mita ya zo ya ɓalle hatimi, ya mayar da ita sifili, ya ɗaura sabon hatimi. Mitocin yanzu ba su da allura. Suna ajiye lambar da ranar da awar da aka kai ta, da yawa kuma suna ɗauke da layin waya a cikinsu, suna aika karatun kai tsaye zuwa ofishin kamfani ba tare da kowa ya tako ƙafa ba.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka akwai masana'antu biyu a Sharaɗa da ke Kano, kowacce ta sha yunit 12,000 a wata. Ta farko tana jan kilowat 25 ne, awa 16 kullum, har kwana 30. Ta biyu tana kunna injinanta duka a tare, kilowat 100, awa huɗu kacal a rana. Mitar gida za ta ce ba su da bambanci ko na kobo. Amma ta biyun tana buƙatar taransifoma da waya masu ɗaukar ninki huɗu na abin da ta farko take buƙata, kuma awa ashirin a kowace rana kayan nan suna zaune. Inda ake cajin nauyi, in aka ce don misali naira 2,000 ne kowane kilowat, ta farko za ta ƙara naira 50,000 a kan kuɗin yunit ɗinta, ta biyu kuma naira 200,000. Hukuncin yana da zafi, amma akwai adalci a cikinsa, domin in ba a caji mai nauyin ba, maƙwabtansa ne za su biya masa ta hanyar ƙarin farashin yunit. Wasu kamfanonin a ƙasashen waje har sukan riƙe wani kaso na ƙololuwar da aka kai su ci gaba da cajinta na watanni goma sha ɗaya masu zuwa, don haka sakaci na rabin awa yakan bi mutum shekara guda.

Maganin a hannun mai masana'anta yake, kuma sau da yawa ba ya cin kuɗi. A jera lokutan tada injina maimakon a kunna su a tare da safe. A mayar da famfon cika tanki zuwa dare. Kada injin ƙanƙara da na walda su haɗu a rabin awa ɗaya in akwai yadda za a yi. Yunit ɗin wata ba zai canza ba, amma ƙololuwar za ta sauko.

Akwai wani abu kuma da yake rikita mutane, wato kVA. Injina masu naɗin waya a ciki, irin su motar famfo da injin walda da na'urar sanyaya ɗaki, suna jan wani kaso na wuta da ba ya zama aiki. Yana kai da komo ne tsakanin injin da layi domin riƙe maganaɗisun da ke juya shi. Mitar yunit ba ta ƙirga shi, amma waya tana ɗauke da shi, tana kuma zafi saboda shi. Kilowat shi ne ɓangaren da ya yi aiki, kVA kuma shi ne jimillar abin da wayar ta ɗauka. Masana'antar da ke amfana da kilowat 80 alhali kashi 80 cikin ɗari ne kawai na abin da take ja yake zama aiki, kVA 100 take ɗora wa taransifoma. Idan ta kafa akwatin kafasito ta ɗaga kason zuwa 95 cikin ɗari, nauyin zai sauko kusan kVA 84, aikin kuma bai ragu ba. Shi ya sa ake rubuta girman taransifoma da janareta da kVA, shi ya sa kuma kamfanonin wuta da yawa suka fi son cajin nauyi da shi.

Abu na ƙarshe game da mitar MD: wutar babbar masana'anta ta fi ƙarfin ta bi ta cikin mita kai tsaye. Ana zura manyan wayoyin ne ta cikin wasu zobba masu rage ta, mitar ta ga ɗan ƙaramin kaso. Zoben da aka rubuta wa 200/5 yana nufin mitar kashi ɗaya cikin arba'in take gani, don haka in ta nuna 300, yunit 12,000 aka sha. Wannan lambar ninkawa tana kan takardar kuɗi, kuma ta cancanci a duba ta da kyau, musamman bayan an sauya zobba ko taransifoma. Kuskure a cikinta yakan ninka kuɗin wata ko ya raba shi biyu, a daɗe ba wanda ya lura.

Tsarin Najeriya

Hukumar lantarki ta ƙasa, NEPA, wadda har yau sunanta bai bar bakin jama'a ba, an kafa ta a 1972. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ta rushe ta, ta kafa hukumar NERC mai tsara farashi da ƙa'idoji, a watan Nuwamban 2013 kuma aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa. KEDCO ke da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Na Jos ke da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola ke da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Na Abuja kuma ya haɗa babban birnin da Neja da Nasarawa da Kogi. Babu ɗayansu da ke da ikon yanka farashi da kansa. Hukuma ce take lissafa shi, tana duba kuɗin gas da canjin dala da hauhawar farashi da yawan wutar da ke ɓacewa a hanya.

Duk wanda nauyinsa ya kai kVA 45 zuwa sama ana sa shi a rukunin MD. MD1 su ne masu karɓar wuta bayan an sauke ƙarfinta, MD2 kuma masu ɗauka kai tsaye daga layin kilobolt 11 ko 33. Sai dai a tsarin da ake bi yanzu, takardar mai MD a Najeriya ta ginu ne a kan yunit, da farashin rukuninsa; kuɗin wata-wata da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba an soke shi tun watan Fabrairun 2016, bayan dogon ƙorafin jama'a cewa suna biyan kuɗin duhu. Duk da haka karatun nauyi bai zama na banza ba: da shi ake sanin rukunin da mutum ya dace da shi, da girman taransifomar da zai buƙata, da kuma ko ya wuce abin da aka yi yarjejeniya a kai. Masu MD ba su da yawa in aka kwatanta da gidaje, amma wani kaso babba na kuɗin shigar kamfanoni daga gare su yake fitowa, don haka su aka fara tilasta a sa wa mita. Tun 2017 hukuma ta ce mai MD da ba a sa wa mita ba kada ya biya kuɗin ƙiyasi. A Nijar kuwa, inda NIGELEC ke raba wuta, mai neman jona yakan zaɓi iyakar ƙarfin da yake so tun a yarjejeniya, ya biya wani kuɗi tsayayye a kan wannan ƙarfi, irin yadda ake yi a Faransa. Wannan shi ne tunanin Hopkinson, a wata riga.

A ƙarshen 2020 aka shigo da tsarin da ya ɗaura farashi a kan yawan awannin da layi yake samun wuta. Rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Layin da ya ciyar da unguwa ne yake da rukuni, don haka attajiri da mai shayi in suna kan layi ɗaya rukuninsu ɗaya. A watan Afrilun 2024 aka janye tallafi daga rukunin A, wanda hukuma ta ce kusan kashi 15 cikin ɗari ne na masu shan wuta, farashin yunit ya tashi daga naira sittin da wani abu zuwa naira 225. A watan Mayu ya sauko zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Sharaɗin da aka gindaya shi ne, layin da ya yi kwana bakwai a jere bai cika awa 20 ba a sauke shi daga rukunin. Sharaɗi ne mai kyau a takarda. Ƙarfinsa ya dogara ne da wanda ke ƙirga awannin da kuma ko jama'ar layin suna bibiya. A can ƙasa kuma akwai farashin masu ƙaramin ƙarfi, naira 4 kowane yunit, ga gidan da ba ya wuce yunit 50 a wata.

Mitar kati da kuɗin ƙiyasi

Mitar kati, wadda ake biya kafin a sha, ta bunƙasa ne a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Eskom yake kai wuta unguwannin baƙaƙen fata. Lambobi ashirin ɗin da ake dannawa saƙo ne a kulle, wanda mita ɗaya tak za ta iya buɗewa. A cikinsa akwai yawan yunit da kuma mintin da aka sayar da shi, don kada a loda shi sau biyu. Ƙirgen mintocin ya faro ne daga 1 ga Janairun 1993, gurbin da aka tanadar masa kuma ya cika a 24 ga Nuwamban 2024. Wannan ne dalilin da ya sa a shekarar aka riƙa kiran mutane su karɓi wasu lambobi biyu na musamman su sabunta mitocinsu.

Lissafin katin ba shi da wuya. Daga kuɗin da aka biya ana cire harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, a raba saura da farashin yunit. Mai rukunin A da ya ba da naira 10,000 a farashin 209.50 zai samu yunit 44 da 'yan kai. Idan ya ga ƙasa da haka, galibi ana cire masa wani tsohon bashi ne da ke kan gidan, kuma yana da haƙƙin a nuna masa asalin bashin a rubuce. Mai shiga sabon gidan haya zai yi wa kansa gata in ya binciki wannan kafin ya sauke kaya.

Babbar matsalar ita ce kusan rabin masu rajistar wuta a ƙasar ba su da mita ko wace iri. Su ake kawo wa takardar ƙiyasi: kamfani ya duba abin da layi ko taransifoma ta sha, ya cire na masu mita, ya raba saura a kan marasa mita. A cikin sauran nan har da wutar da ta ɓace a ruɓaɓɓun wayoyi da wadda masu jonar sata suka ja, don haka tsohuwa mai fitila biyu da fanka takan tsinci kanta tana biya wa mai walda na bayan gida. Ƙiyasi yana lalata ɓangarorin biyu. Mai gida ba shi da dalilin kashe fitila da rana tunda kuɗin ba zai ragu ba, kamfani kuma ba shi da dalilin gaggauta gyara tunda takarda za ta fita ko an kawo wuta ko an ɗauke. A watan Fabrairun 2020 hukumar NERC ta sa wa ƙiyasi iyaka, ta ce kada a caji marar mita fiye da wani adadi da ake fitarwa daga abin da masu mita na yankinsa suke sha. A Fabrairun 2024 ta ci kamfanonin goma sha ɗaya tarar da ta haura naira biliyan 10 saboda karya wannan iyaka.

An gwada hanyoyi da dama na cike giɓin. Tsarin MAP na 2018 ya ba wasu kamfanoni lasisin samar da mita, mai gida ya biya, daga baya kuma aka ce a mayar masa da kuɗinsa a hankali ta hanyar yunit. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta fara rabon mita kyauta da rancen Babban Bankin Najeriya, zagayen farko na kusan mita miliyan ɗaya. Faɗuwar darajar naira ta sa mita ta yi tsada, tunda yawancin kayan cikinta daga waje ake shigo da su, sababbin gidaje kuma kullum ƙaruwa suke. Kowace mita, ta kati ko ta MD, sai hukumar NEMSA ta gwada ta ta sa mata hatimi kafin a kafa, kuma ita ake kai wa mitar da ake zargin tana gudu fiye da ƙima.

Wanda bai yarda da takardarsa ba, matakin farko shi ne ya rubuta ƙorafi zuwa sashen sauraron koke na kamfanin, ya riƙe kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa. Kamfani yana da kwana 15 na aiki ya warware. In bai gamsu ba sai ya ɗaukaka zuwa ofishin sasanci na NERC da ke yankinsa, daga nan zuwa hedikwatar hukumar. Yayin da ake duba ƙorafin, ƙa'ida ta ba shi damar ci gaba da biyan daidai kuɗin takarda ta ƙarshe da bai yi jayayya a kanta ba, kuma ba a yanke masa wuta a kan kuɗin da ake taƙaddama. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin. Enugu da Ondo da Ekiti suna cikin waɗanda suka fara karɓar ragamar a 2024, Legas ta biyo baya. A irin waɗannan jihohi, hukumar jiha ce take tsara farashi, ita ce kuma ake kai wa ƙara in kamfani ya gaza.